Daga Samaru zuwa Kongo: sharhi kan kwasa-kwasan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, ɗakin malamai na makarantar sakandaren da nake koyarwa yakan cika da iyaye, kowa riƙe da sakamakon ɗansa, kuma kusan dukkansu tambaya ɗaya suke zuwa da ita: Malam, yaron nan zai samu likitanci a Zariya? Wanda bai tambayi likitanci ba zai tambayi aikin lauya, ko injiniya, ko haɗa magunguna. A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya in tuna uban da ya zo yana tambayar ko jami'ar tana koyar da ilimin tsirrai, ko labarin ƙasa, ko binciken kufai, alhali duk tana koyar da su, kuma wasunsu ma su ne suka fi ɗaga sunanta a duniya. Ni ma a Samaru, babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello, na yi digirina, na kuma tura ɗalibai masu yawa can, har da 'ya'yan gidanmu, don haka abin da zan faɗa a nan sharhin wanda ya ci moriyar wurin ne, wanda kuma har yanzu yake aika mutane su je su ci.

An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, da tsangayoyi huɗu da ɗalibai 426, kuma shugabanta na farko shi ne Norman Alexander, masanin fiziks ɗan ƙasar New Zealand, kafin Farfesa Ishaya Audu ya karɓe ta a 1966. Ba daga fili aka fara gininta ba. Sardauna da mutanensa sun haɗa cibiyoyin da suke tsaye tun kafin a buɗe ta ne suka ɗaure su wuri guda: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, da tashar binciken aikin gona ta Samaru wadda take aiki tun 1922, da Cibiyar Koyar da Aikin Mulki ta Kongo, da gonar dabbobi ta Shika, da kuma kwalejin Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Wannan asali shi ne ya sa har yau jami'ar take da faɗin da ba kowace ke da shi ba. Mai neman gurbi zai tarar da likitancin mutane da na dabbobi, da noma, da injiniya, da zanen gine-gine, da shari'a, da ilimin koyarwa, da harsuna, da tarihi, da zane-zane, da siyasa, duk a ƙarƙashin suna ɗaya. A ganina wannan faɗin shi ne babban abin da jami'ar take bai wa jama'a, kuma shi ne abin da iyaye suka fi yin sakaci da shi.

Bari in fara da ɓangaren 'yan sayans, tunda nan ne cunkoson yake. Tsohuwar Tsangayar Kimiyya an raba ta gida biyu, ɗaya ta kimiyyar halittu, ɗaya ta kimiyyar abubuwan da ba su da rai. A ta farko akwai bayoloji, da ilimin tsirrai, da ilimin dabbobi, da nazarin ƙananan halittu, da bayokemistiri. A ta biyu akwai kemistiri, da fiziks, da lissafi, da ƙididdiga, da ilimin duwatsu da ma'adanai, da labarin ƙasa. Duk waɗannan karatun shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta JAMB, saɓanin injiniya da noma da shari'a da suke cin shekara biyar, da likitancin mutane da na dabbobi da suke cin shida. Yawancin yaran da suke ƙarewa a waɗannan sassa ba su suka zaɓa ba, likitanci suka nema bai samu ba aka tura su can, kuma da yawa sukan shafe shekarar farko suna baƙin ciki suna neman hanyar sauya sheƙa. Abin yana damuna matuƙa, domin sassan ba na cike gurbi ba ne. Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, masanin lissafi ne, kuma sunansa ne a kan cibiyar kwamfuta ta jami'ar. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kemistiri ya karanta a nan, ya kuma koyar da shi kafin ya shiga siyasa. Sannan ɗalibin fiziks na Samaru yana maƙwabtaka da abin da ba a samun sa a ko'ina a ƙasar nan, wato ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi, wanda ya fara aiki a 2004, aka kuma sauya masa makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi a 2018. Ba lantarki yake samarwa ba, ana amfani da shi ne wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci, kuma ɗaliban manyan digiri da dama da shi suke yin bincikensu.

Amma inda na fi son iyaye su dube shi da idon basira shi ne noma. Duk manomin da ya taɓa sayen iri mai suna da ya fara da SAM, ko masara ce SAMMAZ, ko dawa SAMSORG, ko gyaɗa SAMNUT, ko wake SAMPEA, to sunan Samaru yake kira ko bai sani ba, domin daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar waɗannan iraruwa suke fitowa. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda ya jawo muhawara saboda an sauya masa ƙwayar halitta, kuma muhawarar kanta darasi ce ga ɗalibi mai hankali. A Shika kuma akwai cibiyar binciken dabbobi wadda ta samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. Yaron da ya karanta noma a nan yana karatu ne a gefen gonakin gwaji, wasu daga cikin malamansa kuma su ne masu fitar da irin da ubansa yake shukawa a ƙauye. Duk da haka idan na ce wa uba ɗansa ya nemi noma, sau da yawa sai fuskarsa ta canja, ya ce ai noman ne suke gudu shi ya sa suka kai shi boko.

Akwai wani labari daga wannan cibiya da nake yawan ba ɗalibaina, domin yana nuna amfanin zaman fannoni daban-daban a gida ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya yi dogon bincike a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi da ke kewayen Zariya. A lokacin malaman gona suna matsa wa manoma su daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, suna ganin hakan rashin wayewa ne. Da aka zauna da manoman aka ƙirga kwanakin aikinsu da abin da suke girbewa, sai aka gano cewa haɗa shukar dabara ce mai tushe, tana rage asara idan damina ta yi gardama, tana kuma ba da riba mai kyau gwargwadon ƙarfin da aka zuba a lokacin da hannu ya yi ƙaranci. Masanin iri shi kaɗai ba zai gano wannan ba, sai da aka samu wanda ya iya tambayar mutane da lissafin rayuwarsu. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka sauya yadda ake binciken noma a ƙasashe masu tasowa, kuma a bayan Samaru aka yi shi.

Ni ɗan at ne, kuma Tsangayar Fasaha ce gidana, don haka mai karatu ya yi mini uzuri idan na daɗe a nan. A wannan tsangaya ake koyar da Turanci da adabinsa, da Larabci, da Faransanci, da harsuna da al'adun Afirka inda Hausa take, da tarihi, da binciken kufai, da wasan kwaikwayo, da falsafa. Sashen Tarihi na Zariya yana da matsayin da duk mai nazarin Afirka ya sani. Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zauna a ƙasar nan har ƙarshen rayuwarsa, shi ne ya kafa harsashinsa, kuma shi ne ya jagoranci kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a tsohon gidan Sardauna, wanda har yau cibiyar bincike ce ta jami'ar mai tarin takardu da rubuce-rubucen hannu. Abin da ya koyar, wanda ɗalibinsa Dakta Yusufu Bala Usman ya faɗaɗa a bincikensa kan Katsina, shi ne kada a karɓi labari don wani babba ya faɗa ko don Bature ya rubuta, sai an tambayi wane ne ya faɗa, a wane lokaci, kuma me yake nema da faɗar. Sun kuma yi watsi da ra'ayin cewa tarihin ƙasar Hausa labarin ƙabilu ne masu faɗa da juna, suka nuna yadda kasuwanci da ƙaura da sana'a da mallakar ƙasa suka gina birane da sarautu. Bala Usman ya rasu a 2005, amma wannan ɗabi'a ta tuhumar madogara ita ce mafi tsadar abin da na fito da shi daga Samaru, kuma ina amfani da ita kullum, har a kan saƙonnin da ake turo mini ta WhatsApp. Abin takaici shi ne ƙasar nan ta cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare na sama da shekara goma kafin ta dawo da shi, kuma wannan ya sa yara da yawa suka taso ba su san ana yin digiri a kansa ba.

Sashen binciken kufai yana cikin 'yan kaɗan irinsa a Nijeriya, kuma wurin zamansa ya dace da shi, domin dutsen Kufena yana nan kusa, Turunku ba ta da nisa, ƙasar Nok kuma tana kudancin jihar Kaduna, dukkansu wurare ne masu tsofaffin kufai. Shi kuwa digirin Hausa, wanda wasu suke yi wa kallon abin da ake bai wa wanda ya rasa komai, karatu ne mai wuya ga wanda ya shiga da tunanin ai yarensa ne. Zai haɗu da ilimin furuci da karin sauti, da ginin kalma da ginin jimla, da arulin rubutacciyar waƙa, da ajami, da fassara, kuma waɗanda suka riƙe shi da gaske su ne ake nema a gidajen rediyo na gida da na waje, da wuraren fassara, da kamfanonin da yanzu suke son na'urorinsu su iya Hausa. A fannin wasan kwaikwayo Zariya ta yi suna da salon fita ƙauyuka a shirya wasa tare da mutanen gari a kan matsalolinsu, kuma dandalin wasan da aka gina da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa yana cikin wuraren da nake kai duk baƙon da na zagaya da shi. Zane da sassaƙa suna ƙarƙashin tsangayar tsara muhalli ne tare da zanen gine-gine, kuma tarihinsu ya girmi jami'ar, domin a 1958 ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka dage cewa sai an haɗa fasahar gida da ta Turai. Lambun gumakan da ɗalibai suka sassaƙa yana nan a harabar, kowa yana iya shiga ya gani.

Kimiyyar zamantakewa ita ce ɓangaren da 'yan at suka fi rububi, musamman kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasa da ƙasa da aikin jarida da tattalin arziki, sai kuma nazarin zamantakewar al'umma. A shekarun 1970 da 1980 wannan ɓangare shi ne matattarar muhawara mai zafi a kan mulkin soja da jari-hujja, har ta kai a 1988 gwamnatin soja ta kori Dakta Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa, daga ƙasar. Sarki Muhammadu Sanusi na biyu tattalin arziki ya karanta a nan. Gargaɗin da nake yi wa masu son waɗannan kwasa-kwasai shi ne kada su shiga da niyyar gudun lissafi, domin tattalin arziki cike yake da shi, nazarin zamantakewa da siyasa kuma ba sa tafiya sai da ƙididdiga da dabarun bincike. A Kongo, cikin gari, ake koyar da shari'a, ta boko da ta Musulunci, da aikin mulki, da nazarin ƙananan hukumomi. Tsakanin Kongo da Samaru tafiyar mota ce, kuma wannan nisa yana sa ɗalibin shari'a ya iya gama shekara biyar bai zauna a lakca ɗaya da ɗalibin tarihi ko na tattalin arziki ba, alhali fannonin suna buƙatar juna.

Yanzu bari in kawo abin da ya faru a gidanmu. 'Yar ƙanwata ta tashi da burin likitanci tun tana ƙaramar sakandare, uwarta kuma ta riga ta fara kiranta Dakta. A shekarar farko, a wata cibiyar rajista da ba zan ambaci sunanta ba, ma'aikacin da ya cike mata fom ya sa mata darasin noma a maimakon fiziks, ita kuma ba ta duba takardar ba sai da lokacin gyara ya wuce. Likitanci yana buƙatar Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, don haka shekarar ta tafi a banza. A shekara ta biyu ta rubuta daidai, amma makinta bai kai na masu likitanci ba, domin masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Uwarta ta zo wurina tana hawaye ta ce, "Yaya, ka yi mata magana ta sake rubutawa, ko sau nawa ne." Na kira yarinyar na tambaye ta wane darasi ne take karantawa ba don jarrabawa ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, ni dai ɓangaren tsirrai na bayoloji nake so, amma Umma ta ce wannan ba aiki ba ne." Da ƙyar muka shawo kan uwar, yarinyar ta karɓi ilimin tsirrai a Samaru.

A hutun ƙarshen ajinta na biyu na shiga gidan mahaifiyarmu da yamma na tarar da su biyu a kan tabarma. Yarinyar ta baza tsofaffin jaridu, a tsakanin kowace biyu akwai ganyen da ta danne ya bushe, tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa tana kai shi kusa da ido tana shinshinawa tana faɗin suna. Wannan sabara ce, wannan kalgo, wannan marke, wannan rai-ɗore ne ba tafasa ba, ki duba bakin ganyen. Yarinyar tana rubuta sunan Hausa a gefen na littafi, ta ce sabara ita ce Guiera senegalensis, tsohuwa kuma tana ƙara mata da abin da ake yi da kowanne, wanda ake dafa wa mai jego da wanda ake ba yaro idan cikinsa ya ɓaci. Da suka zo kan gawo, yarinyar ta yi mata bayanin dalilin da ya sa gero yake kyau a ƙarƙashinsa, cewa yana zubar da ganye da damina ya bar rana ta sauka, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa taki. Tsohuwa ta ce wannan ai tun tana yarinya ta sani, dalilin ne dai ba ta taɓa ji ba sai yau. Sashen nasu yana da ɗakin adana busassun tsirrai, inda masu bincike daga sassan haɗa magunguna da kemistiri suke kai ganye a tantance musu kafin su fara aiki a kansa, kuma a nan yarinyar ta fi son zama.

Ba zan ɓoye raunin da ke cikin tsarin ba, ko da yake mafi yawansa na jami'o'in ƙasar ne gaba ɗaya. Babbansu shi ne yadda ake kulle yaro a fanni ɗaya tun yana ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar, ranar da aka raba aji zuwa sayans da at a babbar sakandare. Daga nan darussa huɗun da zai rubuta a JAMB sun ƙayyade ƙofofin da za su buɗe masa, idan kuma ya shiga jami'a sashensa ne yake tsara masa kusan duk abin da zai karanta. Darussan gama-gari da kowa yake ɗauka, na Turanci da kishin ƙasa da sana'o'in dogaro da kai, an yi su ne don su cike wannan giɓi, amma a ko'ina a ƙasar nan darussa ne na ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, kuma yawancin yara haddace su suke yi don su wuce. Sakamakon haka jami'a mai faɗin Zariya takan zama kamar babbar kasuwa da aka ce wa mai saye rumfa ɗaya kawai zai shiga. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disamba 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, hukumar ta riƙe kashi 70. Fatana shi ne a yi amfani da wannan kaso a buɗe ƙofa tsakanin tsangayoyi, ɗalibin likitanci ya ɗauki darasi a kan al'adun marasa lafiyar da zai duba, ɗalibin aikin jarida ya koyi ƙididdiga sosai, ɗalibin noma ya karanta tarihin mallakar ƙasa a Arewa. Jami'o'i kaɗan ne suke da kayan yin haka a harabar da ƙafa za ta iya zagayawa, kuma wannan tana cikinsu.

Manufar gwamnati ta ba kimiyya kashi 60 na gurabe, sauran fannoni kashi 40, ita ma tana da nata tasirin, domin tana ƙarfafa tunanin cewa ɗan at ɗan bora ne, alhali kimiyyar da ake fifitawa tana buƙatar kuɗin sinadarai da na'urori da lantarki da kasafin jami'o'in tarayya ba ya ɗauka yadda ya kamata. Sai kuma yajin aiki. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan wani dogo da aka yi a 2020, kuma duk jami'o'in tarayya ya shafa. Duk uban da zai kai ɗansa jami'ar gwamnati ya sa a ransa cewa shekara huɗun da ke rubuce tana iya zama biyar, ya kuma tanadi abin da yaron zai yi idan an dawo da shi gida.

Game da hanyar shiga, ana buƙatar kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, da makin JAMB, da tantancewar jami'ar kanta. Mai son shari'a ya tabbatar yana da adabin Turanci, mai son injiniya kuma lissafi da fiziks da kemistiri. Wanda JAMB ta ƙi masa yana da wata ƙofa, wato IJMB, jarrabawar share fage da jami'ar ce take gudanar da ita, wadda take kai mutum aji biyu kai tsaye, kuma makarantar share fage ta jami'ar da ke Funtuwa tana shirya ɗalibai dominta. Masu NCE da difloma su ma suna shiga aji biyu. Ma'aikaci ko matar aure da ba za su iya zaman Samaru ba suna iya duba cibiyar karatu daga nesa, wadda take ba da wasu kwasa-kwasai ta intanet, sai dai kuɗinta ya fi na karatun cikin haraba. Kuɗin rajista ya bambanta daga tsangaya zuwa tsangaya, na likitanci da kimiyya ya fi na at, kuma duk da ƙarin da jami'o'in tarayya suka yi a 'yan shekarun nan, har yanzu yana ƙasa ƙwarai da na jami'o'i masu zaman kansu. Abin da ya fi cin aljihun uba shi ne abinci da wurin kwana, musamman idan yaro bai samu gado a ɗakunan kwanan jami'a ba ya koma haya a cikin Samaru.

Idan aka tambaye ni ko zan ba da shawarar a nemi wannan jami'a, amsata ita ce e, ga yaron da zai iya tashi ya nemi ilimi da ƙafarsa, ya shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ba sai jarrabawa ta matso ba, ya ƙwanƙwasa ofishin malami ya yi tambaya, ya leƙa taron ƙara wa juna sani na wani sashe da ba nasa ba. Yaron da yake buƙatar a riƙa bin sa a baya zai iya ɓacewa cikin yawan jama'ar wurin, kuma wataƙila ƙaramar jami'a ta fi masa. Abin da nake roƙon iyaye shi ne kafin a cike fom su zauna da yaron su karanta jerin sassan jami'ar daga farko har ƙarshe, su tambayi abin da ake yi a kowanne, su kuma duba takardar rajista da idonsu kafin su bar cibiyar.

'Yar ƙanwata yanzu tana ajin ƙarshe, kuma kundin digirinta a kan tsirran da mata suke amfani da su a lokacin jego ne a ƙauyuka uku na ƙasarmu. Don ta iya yin tambayoyin yadda ya kamata sai da ta nemi wata ƙawarta 'yar sashen nazarin zamantakewa ta koya mata tsara takardar tambaya, wani ɗalibin Hausa kuma ya gyara mata rubutun sunayen, domin sunan ganye ɗaya yakan bambanta tsakanin Zazzau da Katsina. A makon jiya uwarta ta kira ni tana tambaya ko na san wanda zai raka yarinyar ƙauye na uku, domin akwai wata tsohuwar ungozoma a can da aka ce ba ta magana da baƙo sai da ɗan gari.